Muryar da Ta Yi Ƙasa-ƙasa Ta Kai Nesa: Yadda LoRa Ta Shigo Hannun Talakawan Masu Fasaha

A watan Afrilun 2020, wani balan-balan da aka saki sararin samaniyar Turai ya aika da gajeren saƙo da ƙarfin miliwat 25 kacal, ƙarfin da bai kai na ƙwan ƙaramar tocila ba. Wata na'ura mai nisan kilomita 832 ta karɓi saƙon. Ba soja ne suka yi wannan aiki ba, ba kuma kamfanin waya ba. Masu sha'awar harhaɗa kayan lantarki ne, da kayan da ɗalibi zai iya saya. Hanyar da ta kawo su nan ta faro ne daga wurare uku da ba su san da juna ba.

Wuri na farko shi ne Washington. A da, kusan duk mai son watsa saƙo ta iska sai ya nemi lasisi. A shekarar 1985, hukumar sadarwa ta Amurka, FCC, ta buɗe wasu zangunan rediyo, ciki har da na megahaz 902 zuwa 928, ga kowa ba tare da lasisi ba, muddin na'urarsa ta takaita ƙarfinta kuma ta baza saƙonta a faɗin zango. Zanguna ne da aka raina, domin injunan masana'antu da na asibiti sun cika su da hayaniya. Daga irin wannan juji Wi-Fi da Bluetooth suka tsiro. Sai dai dukansu gajerun tafiya ne, da kyar suke wuce katangar gida.

Wuri na biyu shi ne garin Ivrea na ƙasar Italiya. A can, a 2005, Massimo Banzi da abokan aikinsa suka fito da allon Arduino, bisa tubalin aikin Wiring na ɗalibi Hernando Barragán. Allo ne mai ɗauke da 'yar ƙaramar ƙwaƙwalwar kwamfuta, an yi shi domin ɗaliban zane waɗanda ba su karanci injiniya ba. Suka kuma saki taswirarsa kyauta, kowa ya kwafa. Nan da nan dubban mutane suka iya auna zafi, danshi ko zurfin ruwan tanki. Matsalar da ta rage ita ce: idan tankin yana gona mai nisan kilomita biyar, ta yaya labarin zai iso gida?

Amsar ta fito daga wuri na uku, birnin Grenoble na Faransa. A 2009, Nicolas Sornin da Olivier Seller suka fara gwada wata dabara da aka daɗe da sani a fagen na'urar rada. Maimakon saƙo ya tsaya a mita ɗaya, sai ya riƙa hawa daga ƙasan zango zuwa samansa, kamar kukan jiniya. Da yake mai karɓa ya san siffar wannan hawa, yana iya tsamo saƙon ko da hayaniyar iska ta fi shi ƙarfi ninki ɗari. Kamar uwa ce da ke gane kukan ɗanta a tsakiyar kasuwa. A 2010 suka haɗu da François Sforza suka kafa kamfanin Cycleo, wanda Semtech na Amurka ya saye a 2012.

Nisan nan ba kyauta ba ne, da sauri aka biya shi. LoRa tana ɗaukar kimanin bit 300 zuwa 50,000 a daƙiƙa guda, don haka ba ta dace da bidiyo ko kiran waya ba. Amma na'urar da aikinta shi ne ta ce "ruwa ya ragu" sau ɗaya a awa ba ta buƙatar fiye da haka, kuma batirinta kan yi shekaru.

Hanyoyin uku sun haɗu ne sa'ad da masana'antun Sin, irin su HopeRF, suka ɗora guntun SX1276 na Semtech a kan 'yan alluna masu girman kan sarki. Haɗa irinsu da allon kwamfuta aikin wayoyi kamar takwas ne: huɗu na musayar bayanai ta tsarin SPI, biyu na wuta, ɗaya na sake tayar da rediyon, ɗaya kuma na sanar da isowar saƙo. Masu koyo sun sha asara kafin su riƙe ƙa'idoji biyu. Rediyon yana aiki da volt 3.3, alhali Arduino Uno yana fitar da volt 5, wanda kan iya ƙona shi. Haka nan watsa saƙo ba tare da eriya ba na iya lalata shi. Fitowar ESP32 na kamfanin Espressif a 2016, mai aiki da volt 3.3, ta rage wahalar farko, daga baya kuma Heltec da LilyGO suka haɗe su biyun a allo guda.

Daga nan abin ya fita daga teburin mutum ɗaya. A 2015, Wienke Giezeman da Johan Stokking suka kafa The Things Network, inda 'yan sa-kai suka lulluɓe Amsterdam da tashoshin karɓa kamar goma cikin 'yan makonni. A 2020 kuma manhajar Meshtastic ta Kevin Hester ta ba alluna damar miƙa wa juna saƙon rubutu, daga hannu zuwa hannu, ba layin waya, ba intanet. Masu hawa tsauni da masu shirin ko-ta-kwana suka rungume ta.

Sai dai 'yancin nan yana da shinge biyu. Iskar ta kowa ce, saboda haka dokar Turai ta takaita watsawa a manyan sassan zangon megahaz 868 zuwa kashi ɗaya cikin ɗari na lokaci, wato daƙiƙa 36 a awa. Na biyun ya fi nauyi: allon a buɗe yake, manhajar a buɗe take, amma dabarar da ke cikin guntun rediyon mallakar Semtech ce, sai wanda ya ba izini, kamar STMicroelectronics, ke ƙera ta. Dubban mutanen da suka gina hanyoyin sadarwa don kada su dogara da kamfanin waya, a ƙarshe kan kamfani ɗaya suka dogara. Da tabarmar aro suke shimfiɗa, ko da yake har yau mai ita bai ce a naɗe ba.