SHIN A GOGE HARIN GWARI DAGA LITTAFIN SHAIHU UMAR?

Jama'a, a 2023 ne labari ya fito daga Ingila cewa kamfanin HarperCollins ya bi littattafan binciken kisan kai na Agatha Christie ya cire kalmomin da ke muzanta baƙar fata da Yahudawa. Haka aka yi wa littattafan James Bond a shekarar. Na ɗauka rigimar Turawa ce, sai ga ta har cikin ajina a nan Birnin Gwari.

Muna karanta Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Balewa, wanda aka buga a Zariya a 1934 bayan gasar da Rupert East ya shirya a 1933. Muka iso inda mayaƙan Kagara suka kai hari ƙasar Gwari don kamo bayi. Wata ɗaliba Bagwariya ta ce, "Malam, me ya sa ba za a cire wannan wurin ba? Dariya ake mini." Wallahi jikina ya yi sanyi.

Gaskiyarta, abin da ciwo. Amma harin nan ba ƙirƙira ba ce. A ƙarshen ƙarni na 19 Sarkin Sudan na Kontagora, Ibrahim Nagwamatse, ya yi ta kwasar mutanen ƙasar Gwari, har Turawa suka ci garinsa a 1901. Tafawa Balewa ya rubuta littafin ne lokacin da waɗanda suka ga abin da idonsu suna raye. Kuma bai ɓoye ɓarnar ba: shi kansa Umar sace shi aka yi yana yaro, uwarsa ta fita nemansa, ita ma ta faɗa bauta.

To ku duba yau. A Fabrairun 2021 'yan bindiga suka kwashe ɗaliban makarantar kimiyya ta Kagara. A Mayun 2018 sun yi kisan gilla a Gwaska. Dazuzzukan Kamuku da Kuyambana sun zama wurin tsare mutane ana ciniki a kansu. Da doki ne da mashi, yau babur ne da bindiga, hajar dai mutum ce. In muka goge shafin, da me za mu nuna wa yara cewa cutar nan tsohuwa ce?

Ra'ayina, duk mai sake buga tsofaffin littattafanmu ya bar rubutun yadda yake, ya ƙara gabatarwa da ke bayyana zamanin, ya faɗi cewa mutanen nan sunansu Gbagyi, kuma su aka zalunta. Kunyar ta mai kai hari ce.

Washegari haka na buɗe darasi. Na tambayi ajin, waye a cikinku ba a taɓa sace wani nasa ba? Ba wanda ya sake dariya.

Allah Ya zaunar mana da ƙasarmu lafiya. Malamai, ku ya kuke koyar da wannan babin?