BABI NA UKU: ANNOBAR ƊA'UNI DA TASHIN UNGUWANNI A AFIRKA TA YAMMA

3.0 Gabatarwa

A wannan babi za a dubi yadda annobar ɗa'uni ta shigo wasu biranen Afirka ta Yamma a zamanin mulkin mallaka, da irin matakan da Turawa suka ɗauka a kanta. Za a yi ƙoƙarin nuna cewa nauyin waɗannan matakai a kan talakawa da baƙi ya fi sauka, alhali kuwa masana sun riga sun gano ainihin abin da ke yaɗa cutar.

3.1 Ma'anar Ɗa'uni da Tarihinsa

Ɗa'uni cuta ce da wata ƙwayar cuta ke haddasawa, wadda ke zaune a jikin ɓeraye. Idan ɓeran ya mutu, sai ƙumar da ke jikinsa ta koma kan mutum, ta cije shi, ta zuba masa ƙwayar. Alamominta su ne zazzaɓi mai zafi da kaluluwa a matsematsi ko hammata ko wuya. Idan kuwa ta kai ga huhu, mutum kan ɗauke ta daga tarin ɗan'uwansa.

Cutar daɗaɗɗiya ce. Ita ce ta afka wa garin Amwas na ƙasar Sham a zamanin halifa Umar ɗan Haɗɗabi, inda Abu Ubaida da Mu'azu ɗan Jabal suka rasu. Haka kuma tsakanin 1347 da 1351 ta halaka kimanin kashi ɗaya cikin uku na mutanen Turai. Sai a shekarar 1894 Alexandre Yersin ya gano ƙwayar a Hongkong, sannan a 1898 Paul-Louis Simond ya nuna cewa ƙuma ce ke ɗauko ta daga ɓera.

3.2 Shigowarta Afirka ta Yamma

Daga Hongkong ɗin ne jiragen ruwa suka yi ta kwasar ɓeraye zuwa tashoshin duniya. A Indiya kaɗai ta kashe mutum fiye da miliyan 10. Ta ɓulla a Akara ta ƙasar Gwalkwas, wato Ghana ta yau, a 1908, da Dakar a 1914, sannan Kumasi da Ikko a 1924. Waɗannan birane biyu na ƙarshe cinikin goro ya haɗa su, wanda Hausawa ke da babban hannu a cikinsa.

3.3 Matakan Turawan Mulkin Mallaka

Ba za a ce hukuma ba ta yaƙi ɓeraye ba, domin an kafa tarkuna, an kuma killace marasa lafiya. Amma matakin da ya fi barin tabo shi ne rushe gidaje. A Dakar, Faransawa sun ƙone gidajen 'yan ƙasa, suka tura su wata sabuwar unguwa mai suna Madina, nesa da mazaunin Turawa. A Kumasi, tsohon zango, inda Hausawa da sauran baƙi 'yan Arewa ke zaune, shi aka rushe, aka gina musu wani sabo. A Ikko kuwa, inda cutar ta ci gaba har 1931, an kafa hukumar raya birni a 1928, wadda ta share unguwar Oko Awo.

Abin lura a nan shi ne, cunkoso da rashin magudanun ruwa da suka tara ɓeraye a waɗannan unguwanni sun samo asali ne daga sakacin da hukuma ta daɗe tana yi da su. Duk da haka, mazauna wurin aka ɗora wa laifin.

3.4 Naɗewa

A yau ɗa'uni yana jin magani idan an kai majinyaci asibiti da wuri, amma bai ƙare ba. A 2017 ya kama mutum fiye da 2,000 a Madagaska, sama da 200 suka mutu. Darasin da ke cikin wannan tarihi shi ne, tsaftar muhalli da saurin magani su ke kare al'umma, korar talaka daga gidansa kuwa sauya wa matsalar mazauni kawai take yi.