Energy Standard

Energy Standard ƙungiyar ƙwararrun 'yan ninƙaya ce, maza da mata, da ta wakilci birnin Paris na Faransa. Tana cikin ƙungiyoyi takwas da suka buɗe gasar ISL, wato gasar ninƙaya ta ƙungiyoyin duniya, a shekarar 2019. Attajirin nan ɗan Yukren, Konstantin Grigorishin, shi ne ya assasa gasar.

A gasar, an riƙa fafatawa ne a kwarmin ninƙaya mai tsawon mita 25, kuma makin da kowa ya ci ya riƙa shiga asusun ƙungiyarsa. Akwai wani tseren mita 50 da ake maimaitawa a jere, ana fitar da na baya a kowane zagaye har sai mutum biyu sun rage.

Ƙungiyar ta lashe kofin farko a Las Vegas a Disambar 2019. A 2020 ta zo ta biyu a Budapest, bayan Cali Condors, sannan ta sake ɗaukar kofin a Eindhoven a 2021. Cikin taurarinta a wancan lokaci akwai Sarah Sjöström 'yar Suwidin da Chad le Clos ɗan Afirka ta Kudu. An ɗage gasar 2022 bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukren.