Sarkin Kasuwar da Ba Mu Taɓa Gani Ba: Tarihin Sa Ido kan Kamfanonin Hannun Jari

Mun taso a Babura mun iske kasuwa da tsarinta. Sarkin kasuwa ne ke raba gardama, dillali ne ke tsayawa shaida tsakanin mai saye da mai sayarwa, wanda kuwa aka kama da tauye mudu sai ya sha kunya a bainar jama'a. Kasuwar hannayen jari ma, wadda da yawa daga cikin 'yan'uwanmu mazauna birane suka zuba guminsu a cikinta, a kan wannan turba aka gina ta.

An kafa ta a Legas a 1960, ta fara ciniki a 1961, aka mayar da ita ta ƙasa baki ɗaya a 1977. Reshenta ya zo Kaduna a 1978, ya iso Kano a 1989. Da fari wani kwamiti ne a Babban Bankin Nijeriya, tun 1962, ke duba hannayen jarin da za a sayar wa jama'a. Daga shi ne hukumar SEC ta samo asali a 1979, bayan dokokin 1972 da 1977 sun tilasta wa kamfanonin ƙetare sayar wa 'yan ƙasa wani kaso na jarinsu.

Aikin ya kasu gida biyu. Hukuma ce ke yi wa hannayen jari da dillalai rajista, ita ce kuma mai hukunci. Kasuwa kuwa takan wajabta wa kowane kamfani bayyana lissafinsa duk wata uku, da na shekara wanda masu binciken kuɗi suka tantance. Wanda ya saɓa, a ci shi tara, ko a dakatar da cinikin hannayensa, ko a cire shi ɗungurungum.

Sai dai tsaron ya sha yin rauni. A 2006 aka gano an kumbura lissafin Cadbury Nigeria, hukuma ta hukunta shugabanninsa a 2008. Lokacin haɗe bankuna na 2004 zuwa 2005, da bankuna 89 suka koma 25, malamai da 'yan fansho sun yi ta rububin saye, wasu ma da bashi. A 2008 farashi ya rikito, dukiyar bayin Allah ta narke. A Agustan 2009 Malam Sanusi Lamido Sanusi ya sauke shugabannin bankuna biyar, a 2010 kuma hukuma ta sauke shugabar kasuwar kanta. Gyara ya ci gaba har zuwa dokar 2025, wadda ta tanadi ɗauri ga masu damfara da alkawarin riba ninki-ba-ninki.

Masu iya magana sun ce idon mai dukiya shi ne taki. A akwatunan iyayenmu da suka riga mu gidan gaskiya akwai takardun hannun jari da gara ke ci, alhali ribarsu haƙƙin marayu ce. Mu zaƙulo su, mu kai wa magatakardan kamfani tare da takardar gado daga kotu, mu yi rajistar karɓar riba ta banki. Kafin mu miƙa wa kowa ko kwabo, mu tabbatar yana da rajistar hukuma.

Allah Ya tsare mana halaliyarmu, Ya ɗaukaka Babura da mutanenta, amin.