Kabarin Da Ke Ƙarƙashin Kainji

A Tukur-Tukur aka haife ni, amma kakana Basarke ne, masunci a tsohuwar Bussa. Da aka gama madatsar Kainji a 1968 ruwa ya cinye garin, aka kwashe mutane zuwa Sabuwar Bussa. Kabarin mahaifinsu yana cikin abin da ruwa ya rufe. Wansa ya karɓi gidan da gwamnati ta gina, ya ci gaba da kamun kifi a tafkin. Kakana ya rantse ba zai jefa taru a kan kabarin ubansa ba. Ya sayar da kwalekwalensu na gado bai shawarci kowa ba, ya taho Zariya. A ganina nan ya yi kuskure. Har suka rasu ba sa gaisawa. Kifi kuwa, ko a miya, bai ƙara ci ba.