Bahasi a kan Saɓanin Ruwan Sama a Magudanar Kogin Challawa: Misalin Getso da Kabo

Mas'alar da wannan maƙala ta ɗauka ita ce ko ya halatta a ɗauki lissafin ma'aunin ruwan sama na birnin Kano, wanda aka soma rubutawa tun 1905, a yanke hukunci da shi a kan daminar Getso da Kabo, alhali tsakaninsu da birnin akwai tafiyar fiye da kilomita 50.

Malamai irin su E. A. Olofin na Jami'ar Bayero sun tabbatar da cewa ruwa yana raguwa daga tsaunukan Riruwai zuwa arewa, kuma ba mu da jayayya da wannan. Jayayyarmu tana tare da masu aron hukuncin duwatsun bakin teku, inda iska mai laima takan bugi Dutsen Kamaru ta zubar wa Debundscha kimanin milimita 10,000 a shekara, su ɗora shi a kan ƙasarmu, suna zaton inda babu babban dutse la budda ruwa ya daidaita. Wannan kuwa ƙiyasi ne wanda illarsa ba ta cika ba.

Mun gwada rubutattun bayanai da abin da manoma suka shaida.

Abin da ya bayyana shi ne, ko da yake laimar tana zuwa ne daga teku ta kudu maso yamma, hadarin da ke sauke ta daga gabas yake tasowa, cikin jeri mai iyaka, yana gaba da iska da ƙura, har ya zamana ya kwarara a wannan ƙauye, rafi ya kawo, maƙwabcinsa kuwa bai samu ba sai yayyafin da bai kai tsawon ɗan yatsa cikin ƙasa ba. Saboda haka ne za ka tarar da gero ya kai ga noman firi a wata gona, a wata kuma mai ita yana tona binne yana duba ko irin bai ruɓe ba. Hujja mafi ƙarfi ta zo daga Yamai, inda tun 1990 shirin binciken ruwan sama na EPSAT ya jera ma'aunai kusan 100 kusa da juna, aka ga jimlar damina guda tana saɓawa ƙwarai tsakanin wurare masu kusanci a ƙasa shimfiɗaɗɗiya. Wannan yana da nauyi a kanmu, domin madatsun Guzuguzu da Magaga da ke Kabo ƙananan magudanai ne ke ciyar da su, kuskuren hadari biyu ko uku ya isa ya rage musu ruwan rani, saɓanin babbar madatsar Challawa ta Ƙaraye, ta 1992, wadda faɗin magudanarta yake rufe irin wannan giɓi.

Za a ce Yamai ta fi mu bushewa, kuma shaidar manomi ba milimita ba ce. Mun karɓa, iyakar nan. Maganinsa dai a kafa ma'auni a makarantun Getso, Gwarzo da Kabo, a damƙa wa malamai littafin rubuta awo kullum da safe.