Elena Garbačiauskienė: Mace a Farkon Tarihin Wasannin Lituweniya

Duk mai ba da tarihin ƙwallon kwando a Lituweniya yakan fara ne daga 1937, shekarar da 'yan wasan ƙasar maza suka ci kofin Turai a birnin Riga, sannan suka sake cinye shi a Kaunas a 1939. A ganina wannan mafari bai yi adalci ba, domin ya tsallake matan da suka riga maza rungumar wasan, musamman Elena Kubiliūnaitė-Garbačiauskienė, wadda aka haifa a 1900, ta rasu a 1997.

Ƙasar ta ayyana 'yancinta a 1918, kuma da Poland ta riƙe birnin Vilnius, sai Kaunas ta zama hedikwatar wucin gadi. A nan ne Elena ta shiga sahun matasan da suka kafa ƙungiyoyin wasanni na farko, tare da Steponas Garbačiauskas, wanda ya zama mijinta. Ta yi guje-guje da tsalle-tsalle, ta kuma tara 'yan mata suna koyon ƙwallon kwando a lokacin da maza da yawa ke yi masa kallon wasan mata.

Sai dai aikinta mafi nauyi da alƙalami ta yi shi. A 1922 ta zama editar Lietuvos sportas, jaridar wasanni ta farko a ƙasar. Kafin a raina wannan, a tuna cewa daga 1864 zuwa 1904 gwamnatin Rasha ta haramta buga harshen Lituweniya da haruffan Latin. Ke nan shekara 18 kacal bayan ɗage haramcin, mace ce ke rubuta ƙa'idojin wasa da sakamakon gasa da harshen da aka so a danne. Gasar da ba a rubuta ba, da 'yan kallo sun watse ta wuce. Rubutu ne ke ba na baya abin da za su yi ƙoƙarin zarcewa.

Wani zai ce nasarar ƙarshen shekarun 1930 aikin 'yan asalin ƙasar ne da suka zo daga Amurka, irin su Pranas Lubinas. Gaskiya ne sun kawo ƙwarewa, amma sun tarar da ƙungiyoyi da masu karatu da aka riga aka samar. A 1928 'yar Lituweniya Paulina Radziulytė ta yi tseren mita 800 a gasar Olamfik ta Amsterdam, a 1938 kuma matan Lituweniya suka zo na biyu a gasar ƙwallon kwando ta Turai a birnin Rum. Ya kamata masu rubuta wannan tarihi su fara shi daga 1922, da sunan Elena a shafin farko.